Ranar da Zagin Katumi Ya Hau Faifai

Katumi 'yar unguwar Nima ce a Accra. Ta biyo mijinta Landan a 1969, ta haifi 'yarta Hamdatu, mijin ya rasu yarinyar ba ta kai shiga makaranta ba. Shekara tara ta yi tana sharar ofisoshi a Aldwych kafin ta buɗe shagon kitso a Rye Lane, cikin Peckham. Hannunta na da sauri, bakinta ya fi hannun sauri. Duk da haka matan zango, Hausawan Ghana mazauna Landan, suka naɗa ta magajiyarsu, domin in an yi suna ko rasuwa ita ke fara isa, ita ke tashi ƙarshe.

A 1984 mai gidan ya ba wasu samarin Turawa huɗu hayar ɗakin da ke ƙarƙashin shagonta. Makaɗa ne, irin waɗanda ake kira punk. Sunan ƙungiyarsu Rye Lane Rats, wato ɓerayen Rye Lane, ita kuwa ta ce sunan ya dace da su. Shugabansu Terry dogo ne ramamme, gashinsa kore a miƙe kamar tsintsiya. Da azahar suke farawa. Jita ta yi ta kuka, ganga ta yi ta girgiza dabe, har kwalaben man gashi su riƙa tafiya da kansu a kan kanta. Mata suka fara tashi da rabin kitso.

Sau uku tana kai kuka council, hukumar unguwar. Wani jami'i ya zo da na'urar auna ƙara a ranar da samarin ba sa nan, ya rubuta cewa babu matsala.

Wata Asabar tana yi wa amarya kitso, madubin bango ya faɗo ya tarwatse a gaban ƙafar yarinyar. Katumi ta ajiye tsinken kitso, ta sauka matakalar, ta banke ƙofa. Turancinta ya gudu, Hausar Nima ta fito. Ta zage su, ta zagi waɗanda suka haife su, ta bi gashin Terry da haƙoransa da wandonsa mai yage-yage. Ta ɗura ashar irin wanda ba ta taɓa yi a gaban 'yarta ba. Mai ganga bai daina bugu ba, sai ma ya riƙa bin muryarta. Ta rufe da "Banza! 'Yan banza!" ta haye sama tana haki.

Ba ta san ranar suke ɗaukar waƙoƙinsu ba, kuma na'urar ɗaukar murya tana juyawa.

Bayan wata biyar faifan ya fito. Sunansa Banza. Waƙar farko muryarta ce tsirara a kan ganga, minti uku cur. Wata jaridar kiɗa ta yi wa faifan kaca-kaca, ta ce waƙoƙi goma sha ɗaya hayaniya ce ta yaran da ba su iya riƙe jita ba, abin saurare ɗaya shi ne matar nan da ba a san ko wace ce ba. Hamdatu, mai shekara goma sha biyar, ita ta kawo jaridar gida tana murna. Uwar na tambaya da Hausa, ita tana amsawa da Turanci, wai Mma ta yi suna. Katumi ta fizge jaridar ta cusa a kwandon shara.

Ranar Lahadi aka yi taron ƙungiyar zango. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Zuberu, ya zo da rediyo mai kaset. Da ma ba sa ga maciji da juna tun da ta taɓa ƙaryata shi a bainar jama'a. Ya danna, muryarta ta cika zauren. Wasu mata suka rufe fuska da mayafi, samari a baya suna danne dariya.

"Magajiya, muryar wace ce wannan?" in ji shi.

"Tawa ce, Alhaji. Sata suka yi."

"Ashar ɗin ma sata suka yi suka sa miki a baki? Turawan Landan ba su taɓa jin Hausa ba sai wannan. Da shi za su san mu."

"Da suke kashe mini kasuwa wa ya zo? Kai ka zo?"

Babu wanda ya goyi bayanta. A ranar aka ba Fusena, aminiyarta, muƙamin magajiya, ita kuma ta karɓa ba tare da ta ɗago kai ba.

Washegari Katumi ta tare Terry a bakin matakala. Ya yi dariya, ya ce ai girmama ta suka yi, in tana so za su buga sunanta a bayan faifan. Ta ce ya buga sunan uwarsa. Daga nan abin ya ƙara lalacewa. Masu son makaɗan suka gano shagon, su zo da sarƙoƙi a wuya su manna fuska a gilashi suna ihun "Banza!" Ɗaya ya shigo da faifai wai ta sa masa hannu, ta bi shi da ruwan wankin kai.

Ta tafi ofishin lauyoyin unguwa masu taimakon talaka. Wata lauya ta saurari kaset ɗin, ta nemi a fassara mata. Katumi ta ce ba za ta maimaita ba, ta rubuta kawai cewa ba da yardarta aka ɗauka ba. Aka yi wata takwas ana musayar wasiƙu. Ƙaramin kamfanin da ya buga faifan ya tsorata, ya cire waƙar daga bugu na biyu. Bugun ya kwanta a shaguna, ba mai taɓa shi. Terry ya tsaya a ƙofar shagonta yana ihu cewa ta kashe su. Ta ce da ma gawa ta tarar. Kafin ƙarshen 1986 ƙungiyarsu ta watse, aka mai da ɗakin ƙasan wurin ajiyar doya.

Matan zango sun dawo kitso a hankali, don babu mai hannunta a duk Peckham. Amma ba ta sake taka taron ƙungiya ba, kuma in Fusena ta zauna a kujerarta, takan yi mata kitson tsaf ba tare da ta ce uffan ba. Hamdatu ta girma ta zama nas, ta ɓoye faifan bugun farko a gidanta, uwar ta sani, ba ta taɓa tambaya ba.

A 1997, da yamma ana yayyafi, Katumi ta hau bas da ledojin cefane. Direban mai sanƙo ne da tumbi, ya dube ta ya washe baki.

"Anti! Ni ne Terry!"

Ta kalle shi sama da ƙasa. Ta ce ya buɗe mata ƙofa. Ya ce ai shekara goma sha biyu ke nan, ta yi haƙuri mana. Fasinjoji suka fara tsaki. Ta tsaya ƙyam har ya buɗe, ta sauka, ta jira bas na gaba a cikin ruwa.