Daren da Yaya Ya Ɗinka da Tamfol

Shekarar da aka rufe boda, ni da Yaya muka koma kamar kajin da aka kulle a akurki. Ni abinci nake sayar wa direbobi a Magama, daf da shingen. Shi kuwa mai walda ne, duk motar da ta karye kafin ta tsallaka Nijar a hannunsa take kwana. Aka wayi gari an ja ƙarfe an datse hanya. Manyan motoci suka yi layi har ido ya gaji, direbobi suka jira, suka gaji da jira, suka naɗe tabarminsu ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Aka bar mu da ƙudaje.

Ni Allah bai yi ni da haƙurin zama ba. In share rumfa, in sake sharewa, in je bakin shinge in leƙa kamar wadda aka aika, in dawo in yi wa tukunya faɗa. Yaya kuwa ba ya magana, sai dai ka gan shi bisa benci yana kaɗa ƙafa, ido na kallon arewa. Wannan kallon nasa ya fi komai tayar min da hankali, kuma ban yi ƙarya ba. Wata rana da hantsi ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, bayan babbar Salla zai bi wani abokinsa wurin haƙar zinariya, can bayan Agadas. Na san mazan garinmu da suka bi wannan hanya. Wasu sun dawo, wasu kuwa lambar wayarsu kaɗai ta rage, ita ma ta daina shiga.

Da gudu na kai wa Inna labari. Yaya ɗan farinta ne, kuma Inna mutuniyar da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In tana da magana da shi, ko yana tsaye a gabanta, ni take ce wa, "Ki ce ma wancan." Na tarar tana tsintar wake, na zazzage mata komai. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Allah shi tsare," ta ce.

"Inna! Shi ke nan? Ɗanki zai shiga hamada, ke kuma Allah shi tsare?"

"To mi kike so in ce, Auta?"

Na fita ina huci. Wallahi ranar na ji haushin kunyar nan tamu kamar in tattara ta in cusa a murhu.

Yaya bai so ya tafi ya bar mu hannu sake ba. Da ƙaramar Salla ya riga ya harhaɗa lilo da ragowar ƙarafa a filin da ke bayan rumfata. Yara suka zo, suka hau sau ɗaya, suka sauka, suka koma hawan motocin da aka yasar a bakin titi. Abin ya ci masa rai. Sai ga shi wata rana ya turo min waya a fuska, hoton wani katafaren wurin wasan yara na wata ƙasa.

"Duba, Auta. Ƙarfe ne fa, irin nawa. Amma tun daga ƙofa sun saka yaro cikin labari. Ba lilo yake hawa ba, guduwa yake daga wani abu, ko neman wani abu. Shi ya sa ba ya son fita. In na yi muku irinsa, kin ga ke da Inna kuna da abin riƙewa."

Na ce, "Wato ka gina mana abin da zai sa ka tafi da kwanciyar hankali. Sannu da ƙoƙari!"

Ya mayar da wayarsa aljihu. Ni kuma, don rashin zuciya, washegari ni ce mai riƙe masa ƙarfe.

Tatsuniyar Inna ya ɗauko, wadda ta yi mana muna yara har muka haddace. Yarinya ce jakin babanta ya gudu da kayan gishiri, ta bi sawunsa. Kada ya haɗiye ta ta fito ta wutsiya, ta haye kogi, ta hau dutse ta zamo ta ɗaya gefen, ta tarar da jaki yana kiwo abinsa, ta kama shi ta koma gida. Haka Yaya ya jera filin, bi da bi. Ƙofar shiga ta zama bakin kada, da murfin injin wata tsohuwar mota, haƙoran kuwa guntayen ƙarfe da ya shafa wa farin fenti. Lilo ya koma kwalekwale, ya kewaye shi da tayoyi masu shuɗin fenti, wai kogi ke nan. Bayansa tudun zamiya na langalanga da ya goge har yana ƙyalli. A ƙarshe jaki na durom, mai kunnuwan roba. Na ce masa wannan ai bunsuru ne, ya ce in je in yi nawa. Mun yi faɗa kan hanyar fita ma, don ni cewa na yi dole ta biyo ta gaban kaskon awarata, in ba haka ba wa zai saya? Na ci nasara a wannan.

Duk bugun da zai yi wa ƙarfe ji nake kamar ranar tafiyarsa yake matsowa da ita. Ba na barci sosai, ba na zama, abinci ma a tsaye nake ci. Amma aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Sai muka gwada da yaran unguwa, abin ya watse. Suka shiga ta wutsiyar kada, suka haye jaki tun kafin su ga kogi. Ba su san tatsuniyar ba. Ina za su san ta? Tun da dare ya daina zama namu a yankin nan, ana sallar magariba kowa ke jan 'ya'yansa ya rufe ƙofa, ba dandali, ba taruwa gidan tsohuwa. Yaya ya ce dole a fara ba su labarin a bakin ƙofa, kuma da muryar Inna.

Inna ta ce atafau. Ba a tatsuniya da rana. Haka ta taso ta ji, mai yin ta da rana ɓata yake yi a kasuwa, ita kuma ba za ta fara da furfura ba. Na ce, "Inna, wace kasuwa? Yaushe rabonki da kasuwar Jibiya?" Ta ce ko ma yaushe ne. Na ce to a ɗauki muryarta a waya bayan isha'i. Ta ce in aka kunna da rana, muryar wa za a ji? Tata ce dai. Da dare kuma ba uban da zai saki ɗansa zuwa bakin boda. Na ce ni zan yi, ni ba na tsoron ɓata. Na tara yara na fara, kafin in kai kan kada na daka wa uku tsawa, na kori ɗaya. Suka watse suna dariya, Yaya ma har da riƙe ciki.

A raina, gaskiya, na ɗan ji daɗi. Na ce watakila in abin bai yiwu ba zai fasa. Shi kuwa kamar ya ji ni, ya ce, "Ko da labari ko babu, tafiya na nan, Auta."

Aka yi kwana biyu. Sai na ga ya jawo tamfol, irin baƙin nan mai kauri da ake rufe kayan manyan motoci, wani direba ya bar masa. Ya kafa ƙarafa gaban bakin kada, ya ɗinke tamfol ninki biyu da basilla, ya toshe duk wata kafa. Sannan ya hau sama da ƙusa ya yi ta huda ƙananan ramuka. Da na shiga da tsakar rana sai da na tsaya cak. Duhu ne sosai, sama kuma ta cika da taurari.

Ni na riƙo hannun Inna na shigo da ita. Ta daɗe tsaye, kai a sama. Yaya na waje yana kaɗa ƙafa, ina jin ƙarar takalminsa. Inna ba yarinya ba ce, ta san tamfol ne, ta san azahar ko ba a kira ba. Can ta gyara mayafi ta ce, "Ki ce ma wancan, ai dare ya yi. A kawo min tabarma."

Ranar babbar Salla da la'asar filin ya cika. Yara cikin sababbin kaya, hannu duk maiƙon nama, wasu daga Bugaje, wasu daga Farfaru, har da na tsallake da aka biyo da su ta hanyar gona a kan babur. Damina ba ta zauna ba tukuna, zafi kamar a gasa gurasa, cikin tamfol kuwa ba a magana. Amma da Inna ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," tsit kake ji. Na tsaya bakin ƙofa, kasko na jirana, na kasa tafiya. Muryar da ta yi mana reno ce, ba ta canza ba.

Ta bi da su cikin kada, ta haye da su kogi, ta hau da su dutse, yarinya ta kama jaki. Na buɗe baki zan taya ta cewa ƙurunƙus, don a nan take ƙarewa, a nan ta ƙare duk yarintata. Sai na ji Inna ta ci gaba. Wai yarinya ta ɗaga mangala ta ga ba gishiri. Wai jaki ya ce mata gishirin ya faɗa wata rijiya. "Sauran kuma," in ji Inna, "sai ranar da aka haƙa rijiyar."

Yara suka fito da ihu. Suka kutsa bakin kada, suka yi ta kururuwa a kwalekwale wai ruwa zai ci su, suka zamo daga dutse suka rungume bunsurun Yaya. Abin da yake so ya samu, ina ganinsa yana murmushi. Murmushin bai daɗe ba, don suna gamawa suka yanyame shi. "Baba mai walda, ina rijiya? Yaushe za a haƙa rijiya?"

Da yamma ta yi ya shigo gida fuska a ɗaure. Inna na zaune tana fifita, ya tsaya gefe ya ce min, "Auta, tambayi Inna, wace rijiya kuma?"

Na tambaya, kamar ba ta ji ba.

"Ki ce mishi haka tatsuniyar take."

"Ba haka take ba! Auta, ke ma kin sani, a kan jaki take ƙarewa."

Na dubi Inna. Idonta na kan mafici, amma ta daina fifitar. A nan na gane. Matar da ba ta da bakin ce wa ɗanta kada ya tafi, abin da take da shi ke nan. Tausayinta ya kama ni. Ni mai baki, ni da ba a rufe min baki, na ce, "Ni dai na manta, Yaya." Ya yi tsaki ya fita.

Kwanakin Salla suka wuce, yara ba su daina zuwa ba, tambayar kuma ɗaya ce. Yaya ya ɗaure jakarsa. Na kwance, ya sake ɗaurewa. Na zage shi, na roƙe shi, na ce in ya tafi sai na sayar da kadan nan wa 'yan gwangwan. Bai kula ni ba.

Abokin ya zo da safe a kan babur, ya tsaya bakin titi bai kashe inji ba. Muka nemi Inna a gida don sallama, ba ta nan. Ashe ta tafi filin ita kaɗai, ta shiga tamfol ta zauna, ba yaro ko ɗaya. Yaya ya ajiye jaka, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ni ina bayansa, ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Inna, zan tafi. A yafe min."

Babur na ta ƙugi a titi. Na jira in ji "ki ce ma wancan," har na matso don in karɓi saƙo. Sai muryarta ta fito daga cikin duhu, ƙasa-ƙasa, ba ta biyo ta kaina ba.

"Kai. Ban ƙarasa ba."

Yaya bai motsa ba. Na ga bayan wuyansa, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya daɗe a tsugune, har abokin ya danna oda. Sannan ya miƙe ya nufi titi, ba jaka a hannunsa. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga abokin ya buga cinya, ya juya babur ya yi gaba. Yaya ya dawo ya wuce ni, ido jawur, ya shiga bayan jakin durom yana auna ƙasa da taku.

Na faɗa cikin tamfol ina kuka ina dariya. Na lalubo Inna, jiƙe take sharkaf da gumi. Ta damƙo zanena ta jawo ni kusa da bakinta.

"Auta, taya ni," ta ce. "Wallahi ban san abin da ke cikin rijiyar nan ba."