Anti Mai Turmi, Wadda Ta Auna Abincinmu

Kafin ta shiga ɗakin gwajin abinci, sai ta biya kasuwa. Albasa kaɗan, wake cikin tafin hannu, ɗan ƙullin ganyen shayi. Masu tumatir har tsokanarta suke yi, wai tsuntsaye take ciyarwa a gida. Ita dai sai ta yi dariya, ta tambayi inda aka nomo kayan.

A wurin aiki Anti Mai Turmi muke ce mata. Ita ke busar da kayan, ta daka, ta jiƙa, ta ɗiga maganin gwaji a kwalba. In ruwan ya yi shuɗi sosai, to abincin na da folifenol da yawa, sinadarin nan na tsirrai da masana ke dangantawa da lafiyar zuciya. Haka ta bi abincin ƙasar nan, ɗanye da dafaffe, har furfura ta fito mata.

Ina wurin ranar da wani mai kamfanin lemo ya zo. So yake ya rubuta a jikin kwalbarsa cewa lemonsa cike yake da sinadarin. Anti ta gwada, ruwa ya fito fari. Ta sake, bai canza ba. Shugabanmu na lokacin ya kira ta ofis, ya ce ta sassauta, mutumin zai gyara mana injinanmu.

Ta ce, "Yallaɓai, masu hawan jini za su saya su sha kamar magani. Ni awo aka ɗauke ni in yi, ba rini ba."

Aka mayar da ita wankin kwalabe, ƙarin girma ya wuce ta. Maigidanta ya ce ta ajiye aikin, ta ba shi haƙuri ta ci gaba. Sai da shugaban ya tafi aka dawo da ita. Lemon kuwa bai samu shaidar ba.

Yau in ma'aikaciyar asibiti ta ce wa mara lafiya ya riƙa cin wake da ɓawonsa, da awon Anti ta dogara, ko sunanta ba ta sani ba.

Anti, ke ce mai hannu mai tsabta, wadda aka matsa wa ba ta tanƙwaru ba. A watan nan za ki ajiye aiki, mun gode. Ku kuma ƙannenmu masu shigowa, abin da idonku ya gani shi za ku rubuta, ko wa ke tsaye a kanku.

Allah ya ba ki lafiyar da kika tsare wa mutanen da ba su taɓa ganinki ba.