Ƙofar Da Ta Buɗe Kanta A Hanyar Yendi

Yayana ya sayi motar ne a shekarar da idon Inna ya rufe. Shi tun yana saurayi yake zaune a Bawku, yana fataucin shanu da hatsi, ni kuwa ina Salaga ina koyarwa, mahaifiyarmu tana hannuna. Motar ƙaramar bas ce ta iyali mai kujeru layi uku, an yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema. Abin da ya fi burge Yaya a jikinta ƙofofin gefe ne. Ba a jan su da hannu. Maɓalli ake latsawa, sai ƙofa ta yi ɗan kuka ta zame baya da kanta, a sake latsawa ta dawo ta rufe. Ranar da ya kawo ta Salaga, duk wanda ya zo yi masa sannu da zuwa sai ya buɗe masa ya rufe, har limamin unguwarmu bai tsira ba.

Ya zo ne ya tafi da Inna asibitin ido a Bawku. Yanar ido ce ta rufe mata su duka biyu, inuwar mutum kawai take iya gani, kuma mun daɗe muna lallashinta tana ƙi. Cewa take ba za ta shiga motar haya a matse ta kamar buhun gero ba. Da Yaya ya gaya mata wannan motar gida ce, kujera guda tata ce ita kaɗai, sai ta yarda.

Bayan sallar asuba muka tashi. Yaya yana tuƙi, ina gefensa. An zaunar da Inna a bayana, jikin ƙofar dama, saboda nan ya fi mata sauƙin hawa, matata tana kusa da ita. Can baya mun cika shi da doya da bandar kifin Makango, tsarabar iyalin Yaya. Tun kafin mu kai Bimbilla wani abu yake ta ƙara a gaban motar, ƙil-ƙil, ya yi shiru, ya sake. Na tambaya, Yaya ya ce haka take yi in ta sha gargada, ba komai ba ne. Hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da mota, sai na ƙyale shi.

Mun wuce Bimbilla, mun shiga wani yanki da aka kankare kwaltar aka bar shi haka. Motar tana rawa, Yaya yana ba ni labarin tsadar abincin shanu. Sai na ji iska ta bugi ƙeyata, ƙarar hanya ta cika motar. Da na waiga, ƙofar tana zamewa baya a hankali, kamar yadda take yi a ƙofar gidanmu in ana nuna wa baƙi. Inna kuwa barci ya ɗauke ta, ta jingina kafaɗarta da ƙofar. Ƙofar ta ja ta, jikinta ya karkata waje, ƙafarta ɗaya ta riga ta sauka daga dandamali. Ina ganin jan ƙasa yana gudu a ƙarƙashinta.

Matata ce ta cafke ta. Ta zagaye ƙugunta da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe wuyan kujerata, ta faɗa baya da ita. Ni ban yi komai ba, salati kawai nake. Yaya bai taka birki da ƙarfi ba, ya rage gudu sannu a hankali har muka tsaya a bakin wata gonar doya. Daga baya ya ce mini da ya taka da ƙarfi da su biyun sun fita.

Inna ta ɗaga kai ta ce, "Mun iso ne?"

Gwiwar hannunta ta saɓule, jini yana bin zanenta, takalminta ɗaya da butarta suna can baya a kan hanya. Na taka na ɗauko su. Kafin in dawo matata ta gaya mata abin da ya faru, na sami Inna tana laluben hannun Yaya.

Da hannu na riƙe ƙofar har Yendi, ina zaune a inda Inna take. A can Yaya ya kai ta wani shagon magani a wanke mata ciwon, ya bar ni da motar wurin wani bakanike a bayan tasha. Mutumin ya kwance murfin ƙofar ya daɗe yana leƙe. Cikin Hausarsa ta kasuwa ya faɗa mini gaskiya, bai taɓa gyara irinta ba. Abin da ya gani shi ne sakatar ba ta kamawa sosai, kuma da zarar ta saki, injin cikin ƙofar sai ya ɗauka an umarce shi ya buɗe. Ya ce abin da zai iya yi kawai shi ne ya yanke wayar injin, ya ɗaure ƙofar da igiya a ƙafar kujera. Na ce ya yi. Da Yaya ya dawo ya ga igiyar, ya dubi wayar da aka yanke, sai fuskarsa ta canza.

Sauran tafiyar ban san yadda muka yi ta ba. An mayar da Inna gefen hagu, matata tana rungume da ita. Kowane rami muka faɗa sai na waiga. A gangaren Nakpanduri, inda hanya take murɗawa a jikin dutse, na miƙa hannu baya na riƙe igiyar har muka sauka. Gab da magariba muka shiga Bawku.

An yi wa Inna aikin ido ɗaya, aka ce a jira ya warke kafin a taɓa ɗayan. Muka bar ta a gidan Yaya, ni da matata muka koma Salaga a motar haya. Daga nan kuma maganar ƙofa ta zama abincinmu. Wani ɗan kawunmu da ke zaune a ƙasar da motar ta fito ya ji labari, ya ce a tura masa lambar shasi, wato lambar jikin motar. Ya bincika ya gano cewa kamfanin da ya ƙera motar ya san da matsalar, har ya yi shela a can cewa masu irinta su kawo a canza musu sakata kyauta. Yaya ya kira ni yana murna kamar an riga an gyara. Ya ce ashe ba laifin hanya ba ne, ba kuma laifinsa ba. Na fahimci wannan na biyun ya fi damunsa.

Ya nemi wakilin kamfanin a Accra. Aka ce ya kira gobe, mai kula da sashen ya fita. Da ya same shi, mutumin ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce motar ba ta hannunsu ta shigo ƙasar ba, don wata kasuwa aka ƙera ta, shelar kuma ta can ce. Yaya ya koma wa ɗan kawunmu, shi kuma ya kira kamfanin a can, suka ce lalle motar tana cikin waɗanda abin ya shafa, a kai ta wurin wakilinsu mafi kusa. Wakilinsu mafi kusa shi ne mutumin nan na Accra. Haka aka yi ta mayar da shi, wannan ya tura shi can, can su dawo da shi nan. Kusan kullum bayan la'asar sai wayata ta yi ƙara, in fita daga cikin mutane in tsaya gindin darbejiya ina sauraron abin da aka ce masa yau.

Da ya matsa musu, suka ce ya kawo motar su gani. Ya bar kasuwarsa ranar da ake cinikin shanu, ya tuƙa ta tun daga Bawku, ta Walewale da Tamale, har Accra, ƙofa ɗaure da igiya. Suka duba, suka ɗauki hotuna, suka ga wayar da aka yanke. Sai magana ta sake salo. Suka ce ko da a ce shelar ta shafe shi, wani da ba ma'aikacinsu ba ya riga ya taɓa ƙofar, ba za su iya tabbatar da asalin abin da ya lalace ba. Za su rubuta wa na gaba da su, ya je ya jira. In yana sauri, za su iya yin odar kayan ya biya da kansa.

Daga harabar wurin ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Kai ka ce a yanke," ya ce.

"Ni na ce, Yaya. Da yaya za mu kai ta Bawku?"

"Da ka jira na dawo."

"Da ka dawo me za ka yi?"

Ya kashe wayar. Muka yi makonni ba ma magana, sai dai matanmu su gaisa su isar da saƙo. Ta wurinsu na ji cewa ya hana kowa taɓa ƙofar, wai kada a ƙara ba kamfani hujja. Igiyar Yendi tana nan, yana kai 'ya'yansa makaranta a motar, kowa yana shiga ta hagu. Na rasa sukuni. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in ga jan ƙasan nan yana gudu. Na aika masa cewa ya kai ta a cire injin ƙofofin duka biyu a sa sakatar hannu, ya aiko cewa ba zai bar musu haƙƙinsa ba. Mutum ne da a kasuwa in ya sayar da sa aka gano yana da ciwo, yakan karɓi abinsa ba gardama, kuma ya kasa gane yadda babban kamfani zai amsa laifi a wata ƙasa ya musanta a wata.

Da aka yi hutu na tafi Bawku, lokacin an yi wa Inna ido na biyu. Mun gaisa da Yaya sama-sama. Ranar da za a cire mata bandeji, mu uku muka je asibiti, tana zaune a kujerar hagu. Muka tsaya a harabar, rana ta take, Yaya ya latsa maɓalli. Ƙofar ta yi kukanta, ta motsa kaɗan, ta tsaya. Ya sake latsawa, shiru. Na fito na ja ta daga waje, ya zagayo muka ja tare, ko gezau. Ta dama kuwa igiya ta ciza, kullin ya yi tauri, bayan haka ƙofar ta daɗe ba a buɗe ta ba har ta kafe a kan hanyarta. Inna tana ciki, zufa tana keto mata, likita kuma ya gargaɗe ta kada ta sunkuya, kada ta yi yunƙuri.

Dole muka kwantar da kujerar gaba, Yaya ya shiga ya tallafe ta, ni ina karɓar ta ta ƙofar gaba, tsohuwa tana rarrafe a tsakanin kujeru tana kare idonta da tafin hannu. Mutanen da ke jiran layi suka taso suna yi mana sannu. Da ta tsaya da ƙafafunta ta gyara mayafinta, ba ta yi faɗa ba. Ta juya wajen Yaya ta ce, "Ni dai na gama da motar nan. Kuma kada in sake jin an sa mini jikoki a ciki."

Aikin ya yi kyau, idonta ya buɗe. Da lokacin komawa ya yi, a babbar bas ta haya muka dawo ta Tamale, tana jikin taga tana kallon gonaki, tana gaya mini sunayen itatuwa kamar ban san su ba.

Yaya ya ajiye motar a ƙofar gida ya ci gaba da kiran Accra. Amsar ba ta canza ba, suna jiran na gaba da su. Har mai ɗaukar wayar ya sauya, ya zama sai ya faro labarin tun daga Bimbilla ga sabon mutum. Bayan damina ya gaji. Ya kai ta Kumasi aka cire injinan, aka sa sakatar wata tsohuwar mota, aka buga aka daidaita. A hanyarsa ta dawowa ya biyo ta Yeji, ya haye ruwa zuwa Makango, ya kwana a gidana. Ba mu tayar da maganar wayar da aka yanke ba. Ya ci tuwo, ya ce miyar matata ta fi ta gidansa, ya kuma ce tun ranar nan bai yi mata godiya yadda ya kamata ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ai uwarmu ce duka.

Amma motar ta fita ransa. Ya sayar wa wani direban haya a nan Salaga, ina wurin, kuma bai ɓoye masa komai ba. Mutumin ya ja ƙofar ya tura, ya sake ja, ya ce a hanyar nan wannan ai lafiyayyiyar ƙofa ce. Yanzu tana jigila tsakanin Salaga da Makango, an ƙara mata benci, mata masu kifi suna cika ta har baki da kwandunansu. Takan wuce ta gaban makarantarmu da hantsi. In na ji ƙararta nakan bar abin da nake yi in je bakin taga, in bi ta da ido har ta sha kwana, ina duba wa ke zaune a jikin ƙofar.