Gayyar Gyaɗa a Ƙofar Gidan Malam Hayatu

Ka taɓa gwada jera abu goma sha uku layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa? Ba ya jeruwa. Ka yi bibbiyu, ɗaya ya rage. Ka yi uku-uku, ɗaya ya rage. Malam Hayatu mai bulo ya san haka tun bai san masu boko na ta da jijiyar wuya a kai ba.

Mutumin Zurmi ne. Ya zo Ƙaura Namoda yana saurayi, ya kama buga bulo, bai sake sana'a ba. In ya buga sai ya jera su a rana layi-layi don ƙirga ta yi sauƙi. Goma sha biyu takan yi masa biyayya, ashirin da huɗu ma haka. Amma bakwai, goma sha ɗaya, goma sha uku, waɗannan sai dai layi guda dogo. "Masu taurin kai" yake ce musu. Autarsa Muhsina a cikin layukan nan ta yi wayo, tana bi tana ƙirga da yatsa. Yau ga ta a jami'a, tana binciken digiri na uku a kan waɗannan lambobin.

Bara da kaka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Muhsina ta taho jinya, ta zauna, ba ta ko zancen komawa. Rannan ya ji tana gaya wa uwarta Turai a madafa cewa za ta ajiye karatun. Wannan magana ta fi hannun damunsa.

Likita ya ce ya riƙa tsintar ƙananan abubuwa don yatsun su farka. Sai Muhsina ta zubo masa gyaɗa a faifai. Da ta ga yana gundura, ta ce, "Baba, ware goma. Raba su kashi biyu, kowane kashi ya zama mai taurin kai."

Ya tura uku gefe, bakwai gefe. Ta ce ya gwada goma sha shida; ya fitar da biyar da goma sha ɗaya.

"Duk adadin da ke rabuwa biyu daidai, in ya wuce biyu, haka yake yi," in ji ta.

"Duka?"

"Duk wanda aka gwada. Amma hujjar cewa dole ne, kusan shekara ɗari uku ana nema, ba a samu ba."

"To ke mi kike yi can?"

"Wani ɗan lungu na gonar nake nomawa, Baba."

Kalmar gonar nan ce ta shige masa kai. A Zurmi, gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya gayya ake kira mata. In aikin ne ya yi wa yarinyar yawa har take son gudu, ai da sauƙi.

Ran kasuwa Muhsina ta dawo daga sayo magani, ta tarar da dattawa bakwai a ƙofar gida, kowa da faifansa. Hayatu ya yanka wa kowa kunyarsa: Maitama mai babur daga ashirin zuwa arba'in, Idi tela daga nan zuwa sittin, haka har ɗari da sittin.

"Na kama ta!" in ji Maitama. "Talatin da takwas ta ƙiya! Muhsina, rubuta sunana a kai wa Turawa."

Idi ya leƙa faifan, ya ƙirga. "Ina za ta yarda, tsohon banza, ka cinye ɗaya? Talatin da bakwai ta!"

"Ɗanɗanawa na yi, in ji ko ta bara ce."

Muhsina ta yi dariya har da hawaye, irin wadda Hayatu bai ji ba tun ranar da ya faɗi. Da ta natsa, ta durƙusa ta yi musu bayani a hankali. Na'urori sun riga sun gwada har adadin da baki ba ya iya faɗa, duk ya yi. Amma lambobi ba su da iyaka, ko duk Zamfara ta fito gayya ba za a kai bakin gonar ba. Abin da ake nema dalili ne guda wanda zai rufe su duka.

Hayatu ya dubi faifansa. Can ya ce, "Ashe gonar taki ba ta gayya ba ce. To ni fa? Ni ai ina gayyatuwa."

Nan take ya sake rabo. Maitama zai riƙa kai shi asibiti a babur. Idi zai riƙe shi zuwa masallaci. Sauran biyar ɗin kowa ya ɗauki yininsa na hira da murza hannu. Duk suka ce, "Allah shi ba mu iko."

Sannan ya miƙa hannun daman. Ya ɗauki gyaɗa ɗaya a faifai, ta suɓuce, ya sake. Da ya kama ta, ya ɗaga ya sa a tafin Muhsina.

"Aikin da munka iya mun karɓa. Wanda ba mu iya ba, ke ɗai ke da shi. Tahi gonarki, ɗiyata."

Ta waiga ta dubi uwarta a bakin zaure. Turai ta ce, "Kayanki na kan igiya, sun kusa bushewa."

Maitama ne ya kai Muhsina tasha.

Hayatu bai koma buga bulo ba, amma yanzu da dama yake cin tuwo. Gayyar ma ba ta watse ba. Sun san ba za su kai iyaka ba, duk da haka sun haura ɗari biyu, kuma in Muhsina ta kira waya sai ya fara ba ta rahoto kafin ta tambayi jiki.

Kai ma ɗebo gyaɗa ashirin da takwas, ka raba su kashi biyu masu taurin kai. Hanya biyu ce, nemo su duka. Sai dai kada ka ci ko ɗaya kafin ka gama.