Ba Mu Binne Malama Saratu Ran Asabar Ba

Ina tsaka da wankin kayan makarantar yara a Narayi, 'yata Rifkatu ta shigo ko sallama babu. "Mama, Malama Saratu ta rasu." Na zauna a bakin rijiya da kumfa a hannu, kukan ma ya ƙi zuwa.

Ita ta koya mini karatu ina da 'ya'ya huɗu, a shekarar da sojoji suka koma bariki. Ni 'yar Lahadi ce, ita kuwa Asabar take sujada. Matan zumuntarmu suka yi ta ja mini kunne, wai da biro za ta janye ni cocinsu. Ba ta taɓa gwadawa ba. Da na tambaye ta wace rana ce ta gaskiya, sai ta buɗe mini Littafi Mai Tsarki inda aka ce a tuna da Asabaci, ta kuma buɗe inda Almasihu ya tashi ranar farko ta mako. "Karanta da kanki, Maman Rifkatu. Kada ki ari idon kowa, har nawa."

Da Rifkatu ta fara bin ta ran Asabar, barci ya ƙaurace mini. Na je wurin Malama da faɗana. Ta yi dariya ta ce, "'Ya'yan wasu na mashaya, ke taki na coci kwana biyu, kina kuka?"

Zamanin sharar dole ta Asabar ɗin ƙarshen wata, tun Juma'a take kwashe kwatarta. Masu duba tsafta sun sha jefa ta a mota. Tsintsiya dai ba ta ɗauka ran Asabar ba.

Shi ya sa da danginta suka taru a gidanta na Nasarawa suka sa jana'iza ran Asabar, kamar yadda aka saba don ma'aikata su samu zuwa, na miƙe na fuskanci babban wanta.

"Baba, matar da ko wuta ba ta hurawa ran Asabar, ranar za ku sa a haƙa mata kabari?"

Babban wanta ya ce, "Madam, ke ba 'yar Lahadi ba ce? Ina ruwanki? Gawa ta san kalanda ne?"

"Gawa ba ta sani ba, Baba, mu mun sani. Ku nemi hutu a ofis. In kun kafe, sai dai ku tsallake ni da akwatin."

Matan zumuntar nan da suka ja mini kunne, su suka fara miƙewa a bayana. Ran Litinin aka binne ta.

Masu yaɗa cewa na sauya coci, ku zo ran Lahadi, ina nan a bencina. Ban ce ranarta ta fi tawa ba. Amma abin da ta tsare tana raye, ba za a karya mata shi tana kwance ina kallo ba.

Ubangiji ya yi mata jinƙai, ya ta'azantar da 'ya'yanta da danginta, ya riƙe mini Rifkatu. Ya ba Malama hutun da babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa da tsintsiya. Amin.