Ƙofar Inna Baraka

Duk wanda ya zauna a Rogo Ruma a shekarun nan da man fetur ya yi ɓatan dabo ya san Ilu mai injin niƙa. Kullum kansa fari fat da gari, kunnensa na hagu kuwa ƙarar inji ta daɗe da cinye shi. Shi ne auta, shi ne kuma bai je ko'ina ba. Yayansa Sulle ya shige Kano ya yi arziki, aka bar wa Ilu gida da gona da tsohuwarsu, Inna Baraka. Haka duniya take, na nesa da yabo, na kusa da ɗawainiya.

Ciwo ya kwantar da Inna a tsakiyar bazara, ɗakinta mai rufin kwano kamar tanda. Sulle ya zo dubiya ya ga gumi na tsattsafo mata, hankalinsa ya tashi. Ba a jima ba sai ga mota ɗauke da iyakwandishan sabon yayi, mai gida biyu, ɗaya a bango daga ciki, ɗaya a waje, siririn bututu ya haɗa su. Har da janareto, don wutar gari ko ƙwan fitila da kyar take haskawa. Mai haɗawa ya ja wa Ilu kunne: a rufe ƙofa da taga ruf, in ba haka ba injin ba zai huta ba, mai kawai zai yi ta sha. Sulle ya yi addu'a ya shiga motarsa.

To, ai ka ji inda gizo ke saƙa. Inna Baraka ungozoma ce, rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Yaya za a rufe ƙofar irin wannan? Mata su zo su dogare a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya jiki, ya zafi, ya mai jiki, ya ƙoƙari, kafin a gama gaisuwa sanyin ya fice ya tafi wurin awaki. Janareto ya yi ta gurnani. Ilu ya ɗaura jarka a keke, yau Karaye, gobe Falgore, yana bin 'yan bumburutu cikin rana. Har man injin niƙansa ya juye, ƙoren hatsin mutane suka yi layi a rumfa. Wallahi ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ran nan ya ce wa matarsa Lauratu, duk wanda ya zo a ce Inna na barci. Ya ja ƙofa ya rufe.

Aiki kuwa ya yi kyau. Ɗaki ya ɗau sanyi, injin ya riƙa numfasawa, jarka ta fara kwana da saura. Sai dai mutumin ƙauye, in ka mayar da shi daga bakin ƙofa yau, ka mayar da shi gobe, ba zai yi maka musu ba, ƙafa kawai zai ɗauke. Tsakar gida ta yi tsit.

Wata la'asar Ilu ya shiga da kunu, ya tarar da ita ƙudundune cikin bargo, ta juya fuska bango.

"Auta," in ji ta, "me na yi wa mutanen garin nan? Ko Tani, da na yanke wa 'ya'yanta cibi, ba ta leƙo ni."

"Inna, saboda sanyin ne. In ana buɗewa, fita yake yi."

Ta ce, "Sanyi, da shiru, da ƙofa a rufe. Ai su ne ke jirana a can. Gaggawar me kuke yi?"

Kunya ta kama Ilu. Ya ajiye kunun, ya fita ya kashe janareto, ya tokare ƙofa da turmi. Bai aiki kowa ba, da kansa ya bi gida gida yana ba da haƙuri. Kashegari ɗaki ya cika maƙil, ga zafi ga hayaniya, Tani a gefen gado da mafici, Inna na gumi tana yi mata tsiyar wai hannunta ba ƙarfi. A haka ta cika, kafin ruwan farko ya sauka, mutane na kewaye da ita.

A zaman makoki kowa ya shigo sai ya dubi abin nan a bango ya ce Sulle ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Sulle ya matso kusa da ƙaninsa, murya ƙasa ƙasa.

"Ilu, an ce min kashe shi ka yi, ka bar ta cikin zafi. Man ne ya gagare ka?"

Ilu ya ji sarai. Ya gyara zama, ya juya masa kunnen hagu.