Malamar da ke Ja Mana Layi a Hannu

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ajin 'yan shekara shida, da guntun alli a hannu. Kafin a buɗe littafi sai ta bi benci-benci, ta ja wa kowa layi daga gwiwar hannu har bayan tafi. "In layin nan ya karye, ka lanƙwasa wuyan hannu ke nan. Littafin za ka karkata, ba hannun ba." Shekara talatin da biyar tana wannan. Malama Mai Alli muke ce mata.

Muna yara mun ɗauka neman magana ne. Ni kam tana juya baya nake goge nawa da yawu, in naɗe hannu kamar ƙugiya in ci gaba.

Na kuwa girbi abin da na shuka. Na zama magatakardan kotu, ana magana ina rubutawa, wani zaman ya kai awa huɗu. A shekarata ta tara a aikin wuyan hannuna ya fara zugi, yatsu suka riƙa mutuwa, biro na suɓuce mini ana tsakiyar shaida. Shugabana ya ba ni wata biyu: ko hannu ya dawo, ko a ba wani kujerar. Ga 'ya'ya huɗu a gida. Na tsorata, ba zan ɓoye ba.

Matata ce ta tura ni wurin Malama a makaranta. Na je ina sunkuyar da kai.

"Kai ne mai goge alli da yawu," in ji Malama. "Zauna."

Da gemuna ta zaunar da ni a bencin yara bayan an tashi, gwiwoyina na tokarar tebur. Ta ja layin. "Sassauta wa biron nan, ba ɓarawo ka kama ba. Duk shafi biyu ka ajiye, ka yarfe hannu. Asibiti ma kada ka fasa." Sati shida muna haka, ba ta gaji ba, ba ta bar ni na gaji ba. Har yau ni ke kan kujerar.

Malama, ke ce mai miƙe ice tun yana ɗanye, busasshen ma da ya dawo ba ki jefar ba.

Ranar da ta yi ritaya aka miƙo mata takarda ta sa hannu. Na ga biron yana rawa, sai da ta tallafe hannun da na hagu. Na tambaye ta.

"Ni ba wanda ya ja mini layi, ɗana. Shi ya sa nake ja muku."

Mun gode, Malama, Allah Ya ba ki lafiya. Malamai da iyaye, in yaro na rubutu kada ku tsaya ga kyan baƙi kaɗai, ku dubi hannun. Wannan ma da hannu na rubuta shi, da alli a fatata, kuma layin bai karye ba.